Kogo, rami ko bututu: neman sunan abin da ake aunawa a hoton ƙashin baya

Jama'a, duk wanda ya taɓa fassara sakamakon hoton MRI ko CT na ƙugu ya ci karo da spinal canal, wato sararin da ya ratsa tsakiyar ƙashin baya tun daga wuya har ƙasa, inda laka da jijiyoyi suke kwance. Masu fassara kowa da kiɗansa: wani ya ce rami, wani bututu, wani kuma magudana. Shawarata ita ce a tsaya a kan "kogon ƙashin baya".

Magudana ba ta shiga ba, domin ko da yake akwai ruwa kewaye da laka, ba gudunsa ake aunawa ba. Rami kuwa abu ne mai baki da gindi wanda ake tambayar zurfinsa, alhali faɗi likita yake nema. Bututu ya fi kusa, sai dai bututu abu ne mai zaman kansa, kuma faɗinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Wannan wuri ba haka yake ba, domin ƙasusuwa ne aka jera ɗaya bisa ɗaya, kowanne da kafa a tsakiyarsa, sannan faifan guringuntsi ta gaba da jijiyar da ke ɗaure ƙashi ta baya suka cike bangonsa. A ƙugu, inda ƙasusuwa 5 suke, daga L1 zuwa L5, yakan fara da siffa mai ɗan kewaye a sama, ya koma mai kusurwa uku idan ya iso L5. Sarari marar daidaito a cikin abu mai tauri, kamar na cikin itace, kogo Hausa ta san shi.

Na san wasu za su fi son "kogon laka" saboda gajartarsa, kuma ba shakka ya fi daɗin faɗa. Matsalarsa ita ce a jikin babban mutum laka takan ƙare ne a wajen L1 zuwa L2. Daga nan zuwa ƙasa damin jijiyoyi ne kawai, wanda sunansa na Latin ke nufin wutsiyar doki, don haka mafi yawan kogon da ake aunawa a ƙugu babu laka a cikinsa.

Sai batun awon kansa. Akwai "faɗin gaba da baya", daga bayan jikin ƙashi zuwa bangon baya na kogon, akwai kuma "faɗin gefe da gefe", wanda ke ƙaruwa yayin da ake gangarawa zuwa L5. Na farkon shi aka fi dogara da shi, kuma a mafi yawan masu lafiya yakan kai milimita 15 ko fiye. Likitan nan ɗan ƙasar Holan, Henk Verbiest, wanda ya bayyana ciwon matsewar wannan kogon a 1954, shi ne aka san shi da iyakar da har yau ake ambato: daga milimita 10 zuwa 12 kogon ya matsu, ƙasa da 10 kuwa ya matsu ainun.

A nan Hausa ta ba mu kalmomi biyu da ya kamata a raba musu aiki. "Ƙunci" hali ne, ya dace da wanda aka haifa da ƙaramin kogo. "Tsukewa" abu ne mai aukuwa sannu a hankali, ya dace da dattijon da faifansa ya kumburo, jijiyar da ke ɗaure ƙashi ta baya ta yi kauri, har ƙafafunsa suna nauyi idan ya yi tafiya, yana samun sauƙi idan ya zauna ko ya sunkuya, domin sunkuyon yana ɗan buɗe kogon. Ta haka mai fassara zai iya rubuta: "Faɗin gaba da baya na kogon ƙashin baya a L4 milimita 11 ne, akwai tsukewa sakamakon kumburin faifai."