Tsohuwar motar sifot: daɗin tuƙi ko sayen wahala da kuɗinka?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum jama'a, ku raba mana gardama ni da Kawu don Allah. Na ce masa ina son in sayi tsohuwar motar sifot, irin masu ƙofa biyu da kujera biyu ɗin nan, Mazda MX-5 ta farko mai fitilar da ke ɗagowa daga bonet, sai ya ce wai duk wanda ya sayi tsohuwar sifot to wahala ya saya da kuɗinsa, babu wata magana. Ni kuma gaskiya ban yarda ba.

Kawu: Wa alaikumus salam. Na faɗa kuma ina nan a kan bakana. Motar nan tun 1989 aka fara fitar da ita, ko ta ƙarshe a wannan samfurin ta 1997 ce, ka lissafa shekarun da kanka. Duk wata roba da ke jikinta ta bushe, tiyon lagireto, tiyon mai, sil, bushin, robar gilas, ba ruwansu da ko an tuƙa motar ko an ajiye ta, shekaru ne ke cinye su. Sannan mutum ɗaya tak za ka iya ɗauka, but ɗin jaka biyu ta cika shi. To me ka saya?

Yaya Babba: Kawu Allah ya ƙara girma, amma a nan kam zan saɓa maka, don ita nake hawa. Abin da ya saya shi ne tuƙi. Motar nan nauyinta bai kai tan ɗaya ba, injin lita 1.6 ne mai ƙarfin doki wajen 115, a takarda ba komai ba ne, motar iyali ta yanzu ma sai ta wuce ta a miƙaƙƙen titi. Amma ka zauna a ciki kusan a ƙasa kake, giyar manuwal ce gajeriya da wuyan hannu kawai kake canza ta, tayoyin baya ne ke tura motar na gaba aikinsu kwana kawai, shi ya sa sitiyarin ke gaya maka duk abin da taya ta taka, tsakuwa ko laushin kwalta kana ji a tafin hannunka. Ka shiga kwana a gudun da doka ta yarda da shi ka ji ranka ya yi fari. Sabbin nan masu ƙarfin doki 400 sai ka take totur har ka shiga haɗari kafin ka ji wani abu, a gudu na hankali kamar kana zaune a falo ne.

Kawu: Ran da ta tsaya maka a hanya da daddare farin ran nan zai kai ka gida?

Oga Bakanike: Ku yi haƙuri in shigo, don mu ake kawo wa su idan sun lalace. Kuskuren da ke cikin maganar Kawu shi ne ya haɗa su duka ya yi musu kuɗin goro, alhali tsohuwar sifot suna ta tara. Wadda Auta ke nema injinta mai sauƙi ne, silinda huɗu, hannunka na kai wa ko'ina, kuma ko taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da fistin, ya tsinke fistin ba ya dukan bawul, a ja ta a sa sabon bel ta tashi. Porsche 944 idan bel ɗin nan ya tsinke fistin da bawul karo suke yi, sai an buɗe kan inji. Ferrari 348 da F355 kuwa yadda kamfani ya tsara sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a canza bel, aikin da ba lalacewa ba ne fa, sabis ne kawai da lokacinsa ya yi. Mazda RX-7 injinta ba fistin, rotari ne, da gangan aka yi shi yana ƙona baƙin mai kaɗan kaɗan don sil ɗin da ke bakin rota ya samu santsi, wanda bai san haka ba ya ƙi duba mai to ya kashe inji. Porsche 911 samfurin 996 da Boxster ta farko an san su da matsalar wani boris da ake kira IMS a cikin inji, ba duka ke samun matsalar ba amma wadda ta samu injin ne ke tafiya. To ka ga ba za a ce duka hukuncinsu ɗaya ba.

Ɗan Auta: Kawu ka ji ko, tawa tana cikin masu sauƙi.

Oga Bakanike: Dakata Auta ban gama ba, ba a inji gizo ke saƙar ba. Tsatsa ce. Inji ko ya buga ana samun wani a ɗora, MX-5 an ƙera fiye da miliyan ɗaya tun 2016 aka cika wannan adadin, kayanta ba sa wahalar samu. Amma motar da ba ta da rufin ƙarfe ƙarfinta duk a ƙasa yake, a dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofa. Ruwan da ke sauka daga rufin tamfol akwai ƴan ramuka da yake bi ya fita, idan ganye da ƙasa suka toshe su sai ruwa ya kwanta a ciki ya dinga cin ƙarfen daga ciki zuwa waje. An taɓa kawo min wata sifot fenti na ƙyalli kamar yau aka fito da ita, na ɗaga ta na ga wasu ƙananan ƙuraje a fentin gaban tayar baya, na sa bakin sukundireba na danna a hankali sai ya shige, garin tsatsa ja ya zubo min a hannu, na leƙa na ga an cusa fila an shafe an fesa fenti a kai. Mai ita bai sani ba, haka ya saya. Irin wannan gyaran walda ne da yankan bodi, shi ne ke cin kuɗin da ya fi kuɗin motar.

Anti: Ni duk maganar kuɗi da gyara ba ita ta dame ni ba. Auta ranka nake ji. Motocin nan an yi su ne kafin a fara gwajin karo na Euro NCAP a 1997, ba su da na'urar nan da ke kama mota idan ta fara zamewa, wadda Amurka ta wajabta a sabbin motoci daga samfurin 2012, Turai kuma 2014. Da yawansu ko ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, babu, balan-balan na kariya ko babu ko ɗaya a sitiyari. A 2009 wata cibiyar inshora ta Amurka, IIHS, ta haɗa Chevrolet ta 1959 da ta 2009 suka yi karo gaba da gaba, tsohuwar da mutane ke cewa ƙarfe ce zalla ita ce wurin zaman direbanta ya murƙushe, sabuwar kuma ɗakin direba bai lotsa ba. Ga ka a ƙaramar mota ƙasa-ƙasa, ga manyan jif da suka cika titi yanzu, bambarsu daidai kanka take. In ta kife kuma tamfol ne a samanka.

Yaya Babba: Anti motar 1959 daban ta 1990 daban, tsakaninsu an samu bel mai maɗauri uku da bodi mai lanƙwashewa ya shanye duka. Amma ba zan yi miki musu a kan sauran ba, gaskiya kika faɗa, sabuwa ta fi ta kariya nesa ba kusa ba. Ni abin da na yi na sa ƙarfen kariya a bayan kujeru saboda ba ta zo da shi ba, na canza tiyon birki duka, kuma ba na wasa da taya. Mutane na kallon zanen taya su ce ai sabuwa ce, alhali ta shekara goma a jikin mota ta ƙandare. Akwai lamba huɗu a gefenta, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Mota mai tura da baya a kan busasshiyar taya ga ruwan sama, nan ne ake juyewa. Toyota MR2 ta biyu mai inji a tsakiya an san ta da wannan, ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana bayanta ya zagayo, har kamfanin ya gyara saitin ƙafafunta a samfuran da suka biyo baya.

Anti: To ka ga da bakinka ka faɗa, motar na buƙatar wanda ya ƙware, shi kuwa Auta yaro ne.

Malam Rewaya: Ku bar ni da ɓangaren wuta. Na Ingila irin su MGB da aka yi daga 1962 zuwa 1980 sun yi suna wajen matsalar waya, amma mafi yawanci at ne, wato inda waya ke haɗuwa da ƙarfen bodi, ya yi tsatsa ko soket ya yi kore, ka goge ka ɗaure ta dawo, da fitilar gwaji kawai za ka bi layi ka gano. Wannan ai alheri ne. Waɗanda suka fi ba ni ciwon kai na tsakiya ne, na ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, suna da kwamfuta amma kafin OBD2, tsarin jona na'urar gano matsalar mota, da aka wajabta a Amurka a 1996, ba za ka jona na'urarka ta yau da kullum ta gaya maka ciwon ba, kuma kafasito ɗin da ke cikin kwamfutar kan tsufa ya zubar da ruwa ya ci allon. Sai esi, na wancan lokacin gas ɗin R12 suke sha wanda aka daina yi saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987, sai an juya shi zuwa R134a. Auta ka tambayi mai motar ko an juya.

Mai Lissafi: Wani abu da ba a taɓo ba, sabuwar mota daga ranar da ka fito da ita darajarta ke sauka, waɗannan kuwa sun gama faɗuwa wasu ma hawa suke. 911 masu sanyaya inji da iska an daina yin su a 1998, ba za a ƙara ba har abada, shi ya sa ake rububinsu. Toyota Supra ta 1993 zuwa 2002 ma haka ake rububinta. Amurka na da dokar da sai mota ta shekara 25 ake barin a shigo da ita idan ba a yi ta don kasuwarsu ba, duk samfurin Nissan Skyline GT-R da ya cika shekarun sai farashinsa ya tashi. Fitila mai ɗagowar nan ma tun 2004 manyan kamfanoni ba su ƙara yin sabuwar mota da ita ba.

Kawu: Yawwa, nan nake jiran ku. Waɗanda farashinsu ke hawan nan su waye? Waɗanda ba a taka ba ne, kilomita kaɗan, fenti na asali, an lulluɓe a gareji. To Yayanku ya ce daɗinta tuƙi, kai ka ce ribarta ajiya, wanne za a ɗauka? In ka tuƙa darajar ta sauka, in ka ajiye ba ka ji daɗin ba. Kuma masu lissafin riba ba sa haɗawa da inshora da wurin ajiya da kuɗin da suka zuba a gyara tsawon shekarun, farashin saye da na sayarwa kawai suke faɗa.

Oga Bakanike: A nan Kawu ya fi ka gaskiya Mai Lissafi. Kuma ajiyar ma kashe mota take, man birki yana jan danshi ya sa fistin ɗin birki ya kama, fetur ya daɗe a tanki ya zama danƙo ya toshe komai, sil ya bushe ya fara yoyo, ɓera ya shiga ya ci waya. Motar da ake hawa duk mako ana mata sabis na fi yarda da ita a kan wadda aka ce min ta shekara biyar a rufe ba a taɓa ta ba.

Yaya Babba: Ni dama ban saye ta don riba ba, kuma duk wanda ya saya don riba ina ganin ya yi kuskuren mota. Mazda da kanta ta buɗe shirin sabunta MX-5 ta farko a Japan a 2017, ta koma ƙera wasu kayanta har da rufin, saboda mutane na hawa ne ba don suna ɓoyewa ba. Auta tambaya ɗaya, wace mota za ka riƙa zuwa aiki da ita?

Ɗan Auta: Ita ɗin dai Yaya, ba ni da halin riƙe biyu, wadda nake hawa zan sayar in cika.

Yaya Babba: To a nan kam sai na ja baya kaɗan. Ni ina da wata ta zirga-zirga, in wani abu ya lalace a wannan sai in rufe ta in yi odar kaya in jira ba tare da hankalina ya tashi ba. Wanda ita kaɗai gare shi dole ya sa a yi masa gyaran gaggawa da duk abin da aka samu, haka ake lalata su. Ga cunkoso, kulochi a ƙafa, rufin tamfol ga zafi ga ƙara ga ɓarawo da reza ɗaya ya shiga.

Oga Bakanike: Ni kuma ban ga laifi ba in dai lafiyayya ya samu kuma bai zuba duk kuɗinsa a saye ba. Ya rage wani kaso mai kauri a gefe, ranar da ta shigo hannunsa a canza taimin bel da famfon ruwa da tiyo duka da lagireto in robarsa ta fara komawa ruwan ƙasa, a juye duk wani mai da ke cikinta. Bayan wannan injin nan ba ya ba da kunya.

Kawu: Wato sai ya saya sannan ya sake kashe wani kuɗin kafin ya amince da ita. Ni abin da na ce ke nan tun farko, kun dai yi masa ado ne.

Oga Bakanike: A'a Kawu, gyaran da ka san da shi ka shirya masa daban, wanda ya faɗo maka a tsakiyar hanya daban.

Anti: Ni dai ban sauka daga maganata ba. In har ya nace to ƙarfen kariyar nan da sabbin tayoyi kafin ya hau titi, ba bayan wata shida ba.

Ɗan Auta: Na yarda da wannan Anti. Wadda nake hawa ba zan sayar ba tukuna sai na ga abin da ke ƙarƙashin waccan. Oga me zan ce wa mai ita?

Oga Bakanike: Ka ce kada ya tayar da ita kafin ka zo, kana son ka ji ta da sanyin inji ka ga kalar hayaƙin salansa. Ka tafi da maganaɗisu ka bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyin baya, inda ya ƙi kamawa fila ce. Ka ɗaga kafet ka taɓa ko da danshi, ka nemi takardun sabis, sannan a ɗaga ta sama ka ɗauko min hoton ƙasan daga gaba har baya. In ya ƙi yarda a ɗaga ta ka bar masa motarsa.