Fistol mai jikin roba ko mai jikin ƙarfe, wacce ta fi dacewa da aikinmu?

Ɗan Kusugu, Daura:

Assalamu alaikum manya. Ni ƙaramin ma'aikacin tsaro ne a nan Daura. Wata gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a wurin aikinmu, na ce bari in kawo ta gaban waɗanda suka riga mu sa kaki. Abokin aikina ya dawo daga kwas yana ta zuga Glock mai jikin roba, wai duk fistol mai jikin ƙarfe tsohon yayi ce. Ni kuwa da Beretta aka koya mini, hannuna ya saba da nauyinta. Da na riƙa tasa sai na ji ta sakayau, raina bai kwanta ba. Shin roba za ta jure zafin bazara da ƙurar hunturu irin tamu? Sannan ya ce kunamarta iri ɗaya ce tun daga harbin farko har na ƙarshe, kuma ba ta da sefti da ake turawa da babban yatsa. To wannan ba ganganci ba ne?

Baba Saje, Ƙofar Sauri:

Wa alaikumus salam ɗana. Na daɗe a ɗakin ajiye makamai kafin in yi ritaya, iri biyun nan duk sun bi ta hannuna.

Ka fara cire wa ranka cewa bindigar roba ce. Jikin ƙasa ne kawai, wato mariƙi da inda kunama take, aka yi da roba mai tauri wadda masana'antu ke kira folima. Bututu ƙarfe ne, saman da ke zamewa baya ƙarfe ne, sifirin da allura ma haka, har layukan da saman ke gudu a kansu ƙarfe ne aka dasa cikin robar. Masu cewa tana wuce na'urar binciken filin jirgi ba a gani ba, labarin shayi ne. Kuma ba jiya aka fara ba. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ya fitar da VP70 mai jikin roba tun 1970, ba ta dai samu kasuwa ba. Gaston Glock na ƙasar Ostiriya, wanda da ma sana'arsa sarrafa roba ce ba ƙera bindiga ba, shi ya zo da Glock 17 a farkon shekarun 1980, sojojin ƙasarsa suka karɓa, daga nan ta bazu.

Ita Beretta 92 ɗin taka ma, jikinta na ƙasa alminiyam ne. In ƙarfe zalla kake nema sai ka koma kan Browning Hi-Power ta 1935 ko CZ 75, waɗanda ke kai kusan kilo guda. Beretta ba harsashi tana kusan giram 950 ne, Glock 17 kusan 700. A takarda bambancin ba shi da yawa. Ka ɗaura ta a ƙugu tun asuba a shingen bincike na hanyar Jibiya, zuwa la'asar ƙugunka zai ba ka labari.

Zafi ba ya narka robar, sai dai in wuta ta ci. Abin da ya fi ba ni wahala a ɗakin makamai gumi ne. Ka kwance marfin mariƙin tsohuwar Browning da damina, za ka tarar da tsatsa ja-ja ta bi gefen sukurori, a daidai inda tafin hannu ke zama. Roba ba ruwanta da wannan. Ƙura kuwa duka biyun tana kama su, musamman hannun yaran da ke malala mai kamar za su soya ƙosai. Mai kaɗan, goge da yawa.

Amma ni a ganina gardamar jiki ɓata lokaci ce, maganar tana wajen kunama. Beretta tana da guduma a baya da ido ke gani. In gudumar tana kwance, jan farko aiki biyu yake yi: ya ɗaga ta, sannan ya sake ta. Shi ya sa yake da tsawo da nauyi, ya kan haura kilo 5. Da harsashin farko ya fita, saman ya koma baya ya ɗana gudumar da kansa, sai jan na biyu ya zama gajere, wajen kilo 2. Ka tsaya bayan sabon ɗalibi a filin gwaji ka gani. A jan farko yatsansa na kokawa, bakin bindiga ya sunkuya, harsashi ya sauka ƙasa da inda ya auna. Na biyu kuma ya fita tun bai shirya ba, don yatsan na jiran nauyin ɗazu. Kunama biyu ke nan a bindiga ɗaya, kowacce da nata horon.

Glock ba ta da guduma. Allurar da ke bugun gindin harsashi tana ɗane rabi a ciki, jan kunama ne ke ƙarasa ɗana ta ya sake. Nauyin kusan kilo 2 da rabi, kuma haka yake daga na farko har na 17. Bayan harbi, in ka sassauta yatsa a hankali za ka ji wani ɗan "ƙas" a fatar yatsanka, alamar ta shirya. Abokinka ya yi gaskiya a nan, ta fi saurin koyuwa.

Sefti kuwa tana da guda uku, sai dai duk jan kunama ne ke kwance su: ɗan harshe a tsakiyar kunamar, abin da ke tare allura, da wanda ke hana ta tashi in ta faɗi ƙasa. Ma'ana faɗuwa ba ta tayar da ita, amma duk abin da ya shiga zoben kunama ya danna, yatsa ne ko bakin riga ko igiyar jaket lokacin mai da ita kube, to za ta tashi. Kube mai tauri da ya rufe kunama ruf wajibi ne, ba irin na yadi mai laushi ba. Kuma kafin a kwance ta don wanki sai an ja kunama, don haka a cire magazin, wato gidan harsashi, a leƙa ciki da ido, a sake leƙawa.

Kofur Mai Dawa, Dutsin-Ma:

Baba Saje, ranka ya daɗe, amma ka rage wa ƙarfe haƙƙinsa. Nauyin nan da kake kuka da shi shi ke shanye tokarin da bindiga ke yi bayan harbi, bakinta bai cika tashi sama ba. Jan Beretta na biyu kuma ya fi na Glock daɗi nesa ba kusa ba, na Glock wani taɓo-taɓo yake yi kafin ya karye. Wancan jan farko mai nauyi ni rahama na ɗauke shi. Mutum a firgice cikin dare, gara kunamar da sai ya yi niyya sosai.

'Yar Ƙofar Marusa:

Ku maza kuna ta kilo da giram. Ni hannuna ƙarami ne, mariƙin Beretta ya cika mini tafi, in guduma na kwance da ƙyar kan yatsana ke kai wa kunama. Sababbin masu jikin roba ana canza bayan mariƙinsu daidai hannun mutum. Sojojin Birtaniya sun ajiye Browning sun ɗauki Glock 17 a 2013. Na Amurka da suka riƙe Beretta tun 1985 sun koma SIG Sauer P320 a 2017, ita ma roba ce kuma ba guduma. Ba don ado suka yi ba.

Ga masu karatu da ba ma'aikata ba: dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun bindigogi, ba a mallakarta sai da lasin shugaban ƙasa. Hirar aiki muke yi.

Ɗan Kusugu, Daura:

Na gode iyayena. Baba, tunda ba ni ke zaɓar abin da za a ba ni ba, me zan yi da wannan jan farkon na Beretta?

Baba Saje, Ƙofar Sauri:

Kofur, na yarda da kai a kan tokari, ban yarda kunama mai nauyi ta zama madadin tarbiyyar yatsa ba. Yatsa a miƙe yake a gefen bindiga har sai an auna an yanke shawara, kowace iri ce.

Ɗana, ka nemi izinin malamin horonku. Bindiga ba harsashi, an duba an tabbatar, baki na kallon inda ba kowa. Ka ɗora kwabo a saman bututun kusa da ma'auni, ka ja kunama daga guduma kwance, sannu a hankali ba tsayawa, har gudumar ta faɗa kwabon bai motsa ba. Ranar zuwa filin gwaji kuma ka riƙa harbi bibbiyu, kana amfani da seftin wajen kwantar da guduma bayan kowane biyu, don kowane zagaye ya fara da mai nauyin.