Wai Turanci ne kaɗai ke iya raɗa wa sabon ilimi suna?

Ɗan Sabon Gari: Salam jama'a. Jiya wani abokin aikina ya ce duk sabon fannin kimiyya da ya ɓullo Turanci ne kawai ke da ƙarfin sa masa suna, Hausa sai dai ta ara, kuma gaskiya ni na yarda da shi. Ku duba nanotechnology, ku duba genomics, wanne za ka faɗa da Hausa ba ka yi jimla guda ba?

Anti Malama: Ƙanena ai su ma aron suka yi. Nano ɗin nan Girkanci ne, ma'anarsa wada. Kuma wanda ya fara furta kalmar nanotechnology, wato fasahar sarrafa abubuwa ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, ma ba Bature ba ne, wani farfesa ne ɗan Japan, Norio Taniguchi, a 1974. Ecology kuwa, wato ilimin halittu da muhallinsu, Bajamushe ne ya ƙirƙiro ta, Ernst Haeckel, a 1866, daga kalmar Girkanci mai nufin gida, daga baya Turancin Ingilishi ya ɗauka.

Ɗan Sabon Gari: Toh Anti ko aron ne ai sun iya shi. Suna da wutsiyoyi a ajiye, ology, omics, sai kawai su liƙa. An samu genomics, wato nazarin dukkan ƙwayoyin gadon halitta, a 1986, kafin ka ce me sai ga proteomics sai ga metabolomics. Mu ina tamu wutsiyar?

Anti Malama: Mu a gaba muke sa tamu, ilimin kaza. Ilimin taurari, ilimin ƙasa, ilimin halittu, me ya rage?

Ɗan Damagaram: Mu nan Nijar ko kwamfuta ba ma cewa sosai, ordinateur muke ji tun a lakwal, don Faransawa sun ƙi ɗaukar ta Ingilishi suka yi tasu a 1955. Kenan ana iyawa in an so.

Baba Malam: Yarana ku bari in sa baki. Wanda ya haifi yaro shi ke raɗa suna. John McCarthy da abokansa suna Amurka lokacin da suka rubuta artificial intelligence a takardar neman kuɗin taron masana a kwalejin Dartmouth a 1955, ɗakin binciken nasu ne, kuɗin nasu ne, mujallun nasu ne, to da wane harshe za su sa suna? Lokacin da ilimi ke Bagadaza ai da Larabci ake raɗawa, algebra daga aljabar take, cikin sunan littafin Alkhawarizmi, har yau Turawa ba su canza ta ba.

Anti Malama: Wallahi Baba haka ne. Kuma yanzu a rediyo artificial intelligence ɗin nan ƙirƙirarriyar basira ake ce masa, mahaifiyata da ba ta yi boko ba ta gane nan take. A ajina na rubuta genetics a allo yara suka yi tsit, da na ce ilimin gadon halitta ne sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta nuna wushiryarta ta ce Malama irin wannan da na gado wajen babana? Ranar har aka buga ƙararrawa ba su so tashi ba.

Ɗan Sabon Gari: Na ji Anti, na janye maganar ƙarfi. Amma yarinyar nan ranar jarrabawar WAEC genetics za ta gani a takarda, kuma gidan rediyo kaza ya fassara daban, jarida ta fassara daban, littafin makaranta bai ma san an yi ba. Wa zai tsayar mana da kalma ɗaya?

Baba Malam: Jami'o'inmu na da cibiyoyin nazarin harsuna, aikinsu ne, amma sai sun zauna da masu kimiyyar a tebur ɗaya. Malama ki tattaro kalmomin da yaranki suka fi ganewa ki turo mana nan, mu fara da su.