Wai me za mu kira abin nan da ake sa wa waya?

1/ Jama'a, a taimake ni da suna. Shekara biyu ina kai hotunan kwastomomina wani shago a buga mini su a bayan kes ɗin waya. In jira kwana uku, wani lokacin ma a dawo mini da ja ya koma ruwan goro. Da na kwashi adashe sai na sayi injin na kaina. Na zo rubuta talla, na rasa sunan abin da nake sayarwa.

2/ A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano za ka ji kes, ka ji kwaba, ka ji fauc. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da tasu da suka aro daga Faransanci. Akwai kuma sunan da samari ke kiran na roba da shi, wanda ba zan iya faɗa a gaban surukata ba, balle in rubuta a allon shago.

3/ Kube ya fara zo mini, kuma har yanzu shi ya fi mini daɗi a baki. Amma kube, zare abu ake yi daga cikinsa in za a yi amfani da shi, kamar wuƙa ko takobi. Ya dace da jakar fatan nan da dattawa ke maƙalawa a ɗamara, bai dace da abin da waya ke kwana ta tashi a cikinsa ba. Murfi kuwa na tukunya ne, kuma wayar da ake cire wa batir tana da nata murfin. Bango na littafi ne.

4/ Saura riga. Mutane ma sun riga ni, na sha jin "rigar waya". Tana bin jiki, ana canza ta, kowace waya da awonta, ta Tecno ba ta shiga Samsung. Na tsaya a nan.

5/ Inda gizo ke saƙar shi ne aikin kansa. In na rubuta "muna buga waya", wallahi sai wani ya shigo ya ce a ara masa ya kira ƙauye. Ɗab'i kuma ya yi kama da harkar maɗaba'a.

6/ Ga yadda ake yin nau'in da nake yi, wanda Turawa ke kira sablimeshan. Za ka fitar da hoton a juye a kan takarda ta musamman, da tawada ta musamman. Ka kifa shi a kan farin farantin alminiyam mai shafe da foliyesta, wanda shi ne zai zama bayan rigar, ka danne da injin zafi wajen digiri 190, kamar minti ɗaya. Tawadar ba ta narkewa. Daga busasshiya take zama tururi ta shige cikin shafen, yadda kafur ke ƙarewa a cikin akwati ba tare da ya jiƙa zane ba. Shafa da yatsa, ba za ka ji tudun komai ba. Shi ya sa na ce wannan ba bugu ba ne, rini ne. Ko ƙa'idar marina yana bi: babu farar tawada, farin da ka gani na farantin ne, kuma ba ya kama baƙi.

7/ To na ce "rinin tururi". Wata ta ce mini turare za a zata, masu kayan ƙamshi su yi ta damuna. Na ji, amma ban canza ba.

8/ Abin da na rubuta: "Rigar waya ta oda, rinin tururi. Kawo hotonka ko sunanka."

9/ Wanda ya gagare ni shi ne ɗaya injin, mai fesa tawada kai tsaye a kan rigar, fitila ta busar da ita nan take. Shi yana da farar tawada, yana hawa kan baƙi. "Bugun fitila" ko "feshin haske"? Masu wannan injin, me kuke ce wa kwastoma?