Man da na sha jiya ya sa wa kekena nokin

Mai Keke: Jama'a ku taya ni ji. Jiya na sha lita 8 a wani gidan mai, ban kai Dakata ba inji ya fara nokin. In na taka wuta sai ƙaf-ƙaf, kamar ana kaɗa cokali a gwangwani. Man ja wur, wallahi gurɓatacce ne. Da gangan ake mana haka.

Bakanike: Ƙanena, wannan ba nokin ba ne. Nokin shi ne baƙin mai ya ƙare, ƙarfe ya ci ƙarfe, inji ya tsaya cak. Naka ai yana tafiya.

Ɗalibin Injiniya: Oga, da girmamawa, a boko abin da ya ji shi ne ainihin nokin. Man da ya yi saura a silinda ne ke fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta iso shi. Lambar okten ke nuna juriyar mai ga hakan, kuma launi ba ya nuna ta. Da wani inji mai silinda ɗaya ake auna ta a ɗakin gwaji.

Bakanike: Shekara 22 ina kwance inji. Yaron da bai taɓa riƙe sifana ba zai koya mini nokin?

Ɗalibin Injiniya: Ban raina ka ba, Oga. Amma in an sirka fetur da kananzir okten na sauka. Kananzir ya fi nauyi: lita ɗaya kusan giram 800, fetur kuwa wajen 740. Ko awon nauyi zai iya tona asiri.

Hajiya Mai Shago: Ku bar gardamar suna. A farkon 2022 ba mai aka shigo da shi daga Beljiyam cike da wani sinadari mai suna metanol ba? Janaretona bai sake daidai ba tun lokacin.

Ɗalibin Injiniya: Hajiya, wancan daban ne. Metanol na cin roba yana jan ruwa, amma ba ya rage okten.

Bazindire: Shi ya sa na ce ku sha na matatarmu ta Damagaram. Tun 2011 take aiki.

Bakanike: Wanda 'yan bumburutu ke sayarwa a kwalba cikin rana? Malam, kar ka sa in yi magana.

Bazindire: Kwalbar ce ta tace shi? Kullum sai kun taɓa mu.

Mai Keke: Don Allah, kekena fa? Tun safe ban fita ba, balas na jirana.

Shugaban Zaure: To a dakata haka. Abin da na fahimta: Oga Bakanike ya yi gaskiya, inji bai yi nokin irin wanda 'yan gareji ke nufi ba, kuma wanda ya daɗe a gareji ya fi mai takarda sanin ƙarar inji. Ɗalibi ya yi ƙoƙari amma ya cika lissafi. Maganar Damagaram ba ta shigo ba. Mai Keke, ka juye man, ka kai wa Oga ya duba fulogi da kafireto kafin la'asar.