Ziyarar unguwar Azhar a tsohon birnin Alƙahira: daga ina baƙo zai fara?

Ɗan Kurmi ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. In Allah ya yarda, a cikin watan Janairu zan raka mahaifina Alƙahira domin ya gano ƙanena da ke karatu a Jami'ar Azhar, kuma tun da aka fara maganar tafiyar babu abin da Baba yake ambata sai cewa yana so ya ga wurin da malaman zamanin da suka zauna suka karantar. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yaron ya ce a Abbasiyya yake kwana, azuzuwansu kuma suna Madinatu Nasr, masallacin kuwa sai ya shiga mota kafin ya isa. To ina ne ainihin unguwar jami'ar da ake ba da labari? Shin unguwa ce da mutane suke zaune a cikinta da iyalansu, ko kuwa ta koma wurin 'yan yawon buɗe ido kawai? Baba ya haura shekara saba'in, ba ya jure doguwar tafiyar ƙasa, saboda haka ina neman shawarar waɗanda suka san wurin a kan abin da ya kamata mu gani da abin da za mu iya bari. Na kuma ji ana cewa mutanen Borno da na Katsina sun bar tarihi a wannan unguwa, kuma ina so in san gaskiyar maganar kafin in faɗa wa Baba.

Tsohon Ɗalibi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Kurmi. Allah ya kai ku lafiya, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ƙanenka gaskiya ya faɗa maka, domin Azhar ta yau ba a wuri ɗaya take ba. Asalin al'amarin masallaci ne wanda Jauhar Assiƙilli, kwamandan rundunar Faɗimiyyawa, ya fara ginawa a shekarar 970, shekara guda bayan ya kafa birnin Alƙahira, aka kuma fara sallar Juma'a a cikinsa a 972. Karatu ya ci gaba a cikin masallacin na tsawon ƙarnoni a bisa tsarin zaman halƙa, malami ya jingina da ginshiƙi, ɗalibai su kewaye shi da littattafansu. A shekarar 1961, zamanin Shugaba Jamal Abdunnasir, aka yi dokar da ta sake fasalin Azhar, aka shigo da likitanci da injiniyanci da noma da kasuwanci, kuma tun da tsohuwar unguwa ba ta da filin da zai ɗauki wannan duka, sai aka gina sabuwar haraba a Madinatu Nasr. Masaukin ɗalibai baƙi, wanda ake kira Madinatul Bu'us, shi ne yake Abbasiyya.

Amma kada wannan ya sa ka ɗauka cewa karatu ya bar tsohuwar unguwa. A Darrasa, wadda take dab da masallacin ta gabas, har yanzu akwai tsangayar Usuluddin da ta Shari'a da ta harshen Larabci, akwai asibitin koyarwa na Husaini, kuma ofishin Shehun Azhar, Shaikh Ahmad Aɗɗayyib, wanda yake kan wannan kujera tun 2010, shi ma a wajejen yake. Abin da nake ganin zai fi faranta wa Baba rai shi ne, ana ci gaba da karatun zaure a cikin masallacin kansa da kuma a 'yan ɗakunan karatu da ke lungunan bayansa, inda ake bin littattafan fiƙihu da nahawu da hadisi daga farko zuwa ƙarshe, kuma duk wanda ya zo ya zauna babu mai tambayarsa takarda. Ku shiga ta babbar ƙofa, Babul Muzayyinin, wadda Abdurrahman Katkhuda ya gina a tsakiyar ƙarni na 18, ku tsaya a farfajiyar ku ɗaga kai ku dubi hasumiyar Sarki Ƙayitbai da ta Sarki Guri mai kai biyu. Idan kun je da hantsi, za ku tarar da yaran Indonesiya da Malesiya da na ƙasashenmu sun jingina da ginshiƙai suna tilawa, kuma a ganina wannan shi ne abin da Baba yake nema, ko da bai faɗe shi da waɗannan kalmomi ba.

Magini ya amsa:

Malam Tsohon Ɗalibi ya gama da batun jami'a, ni kuma zan taɓa tambayarka ta biyu, Malam Ɗan Kurmi, domin ita ce mafi yawan maziyarta suke tsallakewa. Unguwar mazauna ce ta gaske. Ta arewacin titin Azhar akwai Jamaliyya, ta kudu akwai Darbul Ahmar, kuma a cikinsu akwai iyalai da masu sana'a da suka gāji gidaje da shaguna daga kakanninsu: maƙeran tagulla, masassaƙa, masu ɗaurin littafi, da masu ɗinkin rumfuna a Khayamiyya, bayan ƙofar Zuwaila. Wanda ya tsaya a kasuwar Khanul Khalili ya sayi carbi da turare ya juya, ya ga shaguna ne kawai, bai ga inda masu shagunan suke kwana ba.

Ƙashin bayan unguwar shi ne titin Mu'izz, mai tsawon kimanin kilomita ɗaya daga Babul Futuh a arewa zuwa Babu Zuwaila a kudu, kuma dukansu biyu ƙofofin ganuwa ne na dutse da waziri Badrul Jamali ya gina tsakanin 1087 da 1092. A kan wannan titi ne masallacin Hakim yake, da ɗan ƙaramin masallacin Aƙmar na 1125, da katafaren ginin Sarki Ƙalawun na 1284 zuwa 1285, wanda ya haɗa makaranta da hubbare da asibiti a wuri ɗaya. Duk waɗannan abin kallo ne, amma shawarata ita ce ku ratse ku shiga lungun Darbul Asfar ku ga gidan Suhaimi, wanda aka fara ginawa a 1648 aka faɗaɗa shi a 1796. Dalilina shi ne, an san gidan da sunan wani malamin Azhar da ya zauna a cikinsa, don haka a nan ne mutum zai ga yadda babban malami yake rayuwa idan ya tashi daga karatu ya koma gida.

Duk wanda ya tashi a gidan gargajiya a Kano ko Zariya zai gane tunanin da ke bayan wannan gini nan take, domin mashigarsa a karkace take kamar yadda zaure yake kare cikin gida daga idon mai wucewa. Da zarar ka wuce ta sai ka faɗa tsakar gida mai itatuwa, hayaniyar titi ta ɗauke. A saman bene akwai wurin zama buɗaɗɗe da ke fuskantar arewa domin ya tari iskar da ke kaɗowa daga wajen teku, tagogin kuma an rufe su da sassaƙaƙƙen katako mai ƙananan ramuka, wanda yake rage zafin rana, yake barin iska ta shiga, matan gida kuma suna ganin waje ba a ganinsu. A bayan masallacin Azhar ma akwai irin waɗannan gidaje guda biyu kusa da juna, gidan Zainab Khatun da gidan Harrawi. Haka nan akwai wakalar Guri ta farkon ƙarni na 16, wato masaukin fatake, inda ƙasa ɗakunan ajiyar kaya ne, sama kuma ɗakunan kwana.

Ba zan ɓoye maka ra'ayina ba game da gyaran da aka yi wa ɓangaren arewa na titin Mu'izz. An shimfiɗa dutse, an sa fitilu, an taƙaita shigar motoci, kuma da dare wurin yana da kyau ƙwarai, amma gyaran ya mayar da shi tamkar dandalin ɗaukar hoto, ya kuma rage masu ƙananan sana'o'in da suke ba wurin rai. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa tsohuwar Alƙahira cikin jerin wuraren tarihi na duniya, sai dai wannan bai hana tsofaffin gidajen talakawa da ke cikin lunguna lalacewa ba, musamman bayan girgizar ƙasar 1992 da kuma ruwan da ke tsattsafowa daga ƙasa yana cin tushen gine-gine. Shi ya sa na fi son ɓangaren kudu, daga Guriyya zuwa Babu Zuwaila, inda har yanzu masu sayar da yadi da barguna suke cika hanya, kuma ciniki tsakanin 'yan unguwa ake yi.

Hajiya Bazazzagiya ta amsa:

Malam Magini, bayaninka ya ƙayatar, amma ina jin ka manta da shekarun Baba. Wannan ɓangaren kudu da kake yabo shi ne ya fi cunkoso, babura da masu tura kaya a amalanke suna kutsawa ta tsakiyar jama'a, kuma dattijo ba zai ji daɗinsa ba. Gyaran da kake kuka da shi kuwa, shi ne ya sa tsoho zai iya takawa a hankali, ya sami dakalin da zai zauna ya huta, ba tare da fargabar mota ba. Gidan Suhaimi ma matakalansa ƙanana ne masu tsayi, saboda haka Baba ya tsaya a tsakar gida da ɗakunan ƙasa, ku matasa ku hau sama.

Ɗana Ɗan Kurmi, ga yadda nake ganin ya fi sauƙi. Ku raba ziyarar gida biyu, kada ku haɗa ta a yini guda. Ranar farko mota ta sauke ku a bakin masallacin Azhar da safe, ku zauna har azahar, sannan ku tsallaka zuwa masallacin Husaini da ke ɗaya gefen titin, amma ku bi ta hanyar masu ƙafa da ke ƙarƙashin titi, domin motocin wurin ba sa tsayawa saboda kowa. Mata suna da ɓangarensu a masallatan biyu. Rana ta biyu mota ta kai ku Babul Futuh, ku gangaro kudu a hankali har ginin Ƙalawun. Kada ku zaɓi Juma'a sai idan sallar ce ta kai ku, domin cikar da ake yi ba ta barin mutum ya ga komai. Janairu lokacin sanyi ne sosai, kuma marmarar farfajiyar masallaci tana ɗaukar sanyi, don haka Baba ya sa safa mai kauri da rigar sanyi. Shiga masallatan da ake salla a ciki kyauta ne, sai ɗan abin da za ka ba mai tsaron takalma, amma gidajen tarihi da tikiti ake shiga, kuma wurare da dama sun koma karɓar kuɗi ta katin banki, saboda haka ƙanenka ya zo da nasa.

Wani abu kuma da nake so in ja hankalinka a kai shi ne, tun da gidajen mutane ne, a kiyaye ɗaukar hoton mata da yara a lunguna, kuma a yi sallama kafin a leƙa shagon mai sana'a. Idan Baba ya gaji, ku kai shi lambun Azhar da ke kan tudu ta gabas, wanda gidauniyar Aga Khan ta gina a kan tsohon juji aka buɗe shi a 2005. Daga can zai ga hasumiyoyin unguwar gaba ɗaya yana zaune, da ragowar ganuwar zamanin Salahuddin da aka tono lokacin aikin.

Bakatsine ya amsa:

Ranki ya daɗe Hajiya, kin sauƙaƙa musu tafiya. Saura tambaya ta ƙarshe, kuma maganar da ka ji gaskiya ce, Malam Ɗan Kurmi. A tsohon tsarin Azhar ana raba ɗalibai ne bisa ƙasashen da suka fito, kowane rukuni da ɓangarensa da ake kira ruwaƙi, inda suke kwana, suke ajiye littattafai, suke kuma karɓar rabon burodi daga dukiyar waƙafi. Akwai na Magaribawa, da na mutanen Sham, da na Turkawa, da na mutanen Sinnar da Darfur, akwai kuma na Barnawa, wanda ɗaliban yankinmu suke sauka a ciki. Alaƙar ma ta girmi haka, domin masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya ambaci makarantar Ibn Rashiƙ da mutanen Kanem suka ba da kuɗin gina ta a ƙarni na 13 don alhazansu da ɗalibansu, sai dai ita a Fusɗaɗ take, can kudu da wannan unguwa.

Game da Katsina kuwa, sunan da za ka faɗa wa Baba shi ne Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashinawi, masanin lissafi da ilimin taurari, wanda ya yi karatu a ƙasar Hausa da Borno, ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira yana karantarwa. Ya rasu a 1741 a gidan Shaikh Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan Abdurrahman Aljabarti, wanda ya kawo labarinsa a cikin tarihin da ya rubuta. Tun kafin shi ma, a ƙarshen ƙarni na 15, Imam Suyuɗi ya aika da wasiƙar nasiha daga Alƙahira zuwa ga sarakunan ƙasashenmu, ciki har da Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas.

Sai dai kada ku tafi da tsammanin za ku tarar da ɗaki mai allo a ƙofa ɗauke da sunan Borno, ɗalibai kuma suna kwance a ciki. An daina kwana a masallacin tun da aka mayar da baƙin ɗalibai Madinatul Bu'us, ginin kuma ya sha gyare-gyare, na baya-bayan nan shi ne wanda aka kammala a 2018. Abin da ya fi shi ne ƙanenka ya nemi ɗaya daga cikin manyan ɗalibanmu da suka daɗe suna bin karatun masallaci ya zagaya da ku, domin su suka san malaman da ke zama da lokutan darasinsu, kuma Baba zai fi sakewa ya yi tambaya da Hausa. Idan kuna da niyyar sayen littattafai, shagunan da ke lungun bayan masallacin sun fi na bakin titi sauƙin farashi, amma ku tuna da nauyin kayan da jirgi ya yarje muku kafin Baba ya fara zaɓe.