Me ya sa editan rubuta kod ba ya gyara kuskuren haruffa da kansa?

Sabon Ɗalibi:
Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da na fara koyon harshen rubuta kod na Python, kuma a makon jiya na shafe kusan awa biyu ina neman abin da ya sa lissafina yake fitowa ba daidai ba, sai daga baya na gano cewa na rubuta length a sama, na rubuta lenght a ƙasa. Python ba ta yi ƙorafi ba, domin ta ɗauka sabon suna na ƙirƙira. Shin akwai yadda edita zai riƙa gyara irin wannan da kansa, kamar yadda waya take yi idan ana rubuta saƙo?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Malam, ya kamata ka bambanta abu biyu: editan da yake ja maka layi a ƙarƙashin kalmar da yake shakka a kanta, da wanda yake sauya kalmar ba tare da ya tambaye ka ba. Na farkon yana da amfani, na biyun kuwa haɗari ne, saboda kod cike yake da sunayen da babu su a ƙamus, irin su strlen da malloc na harshen C, wasu ma kuskure ne da ya riga ya zama doka. A ƙa'idar HTTP, wadda shafukan intanet suke aiki da ita, akwai kalmar Referer, wadda aka rubuta da r ɗaya a tsakiya maimakon biyu, ta shiga RFC 1945, takardar da ta bayyana ƙa'idar, a 1996, kuma har yau haka ake rubuta ta. Haka nan creat a tsarin sarrafa kwamfuta na Unix, babu e a ƙarshenta. Duk ranar da edita ya yi maka karambanin gyara ɗayansu, shirinka ya lalace, kai kuma ba ka san an taɓa komai ba.

Mai Vim:
A editan Vim, tun fitowar Vim 7.0 a 2006 ake iya kunna duba haruffa da :set spell. Danna ]s yana kai ka kan kalma ta gaba da ake zargi, z= yana kawo jerin shawarwari, zg kuma yana shigar da kalmar cikin ƙamusinka don kada a sake damun ka da ita. A yawancin harsunan kod, sharhi (bayanin da ake rubutawa cikin kod don mai karatu) da rubutun da ke cikin alamar zance kaɗai yake dubawa, kamar yadda flyspell-prog-mode yake yi a editan Emacs. Idan ka san akwai kuskuren da yatsunka suka saba da shi, kana iya rubuta :iabbrev lenght length, sai Vim ya riƙa mayar da lenght zuwa length da kansa; wannan ba shi da haɗarin da aka ambata, domin a nan kai ne ka kafa dokar.

Malama Mai Koyarwa:
Shawarar da ta gabata ba za ta kama matsalarsa ba sai da wannan dabara ta ƙarshe, tunda kuskuren nasa a cikin suna yake, ba a sharhi ba. A editan VS Code akwai ƙarin manhaja da ake kira Code Spell Checker, wanda yake raba suna kamar maxLenght gida biyu ya duba kowanne, don haka da ya ja masa layi tun yana rubutawa. Sai dai ƙamus yana da iyaka: wanda ya rubuta form a maimakon from, kalma ingantacciya ya rubuta, babu abin da zai nuna. A nan mai binciken kod na Python, irin Pylint ko Pyflakes, ya fi amfani, domin yana faɗa maka cewa ka ajiye abu a wani suna a cikin aiki (function), amma ba ka sake amfani da shi ba. Game da haɗarin gyaran kai-tsaye kuwa, na taɓa ganin ɗaliba ta kwafo kod daga manhajar rubuta wasiƙu, wadda ta mayar da alamomin zance miƙaƙƙu zuwa lanƙwasassu, aka daɗe ana kallon layin ba a ga bambancin ba.

Sabon Ɗalibi:
Na gode ƙwarai, malamai. Na saka Code Spell Checker da Pylint, kuma nan take suka nuna mini wani recieve da ya yi sati uku a fayil ɗina ban lura da shi ba.